DARASI: Akwatin Kifi Na Gilashi A Gida, Makarantar Farko Ta Yaro Kan Ruwa Da Teku

  

Darasin yau ba na lissafin buhu nawa kifi dubu zai ci ba ne. Wani bawan Allah ne ya same ni kwanakin baya, ya ce yana tara kuɗi zai fara kiwon tarwaɗa, har ya yi magana da mai gini kan tanki. Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe kifi mai rai ko da na mako guda ne. Ya ce a'a. Na ce yara nawa gare ka a gida? Ya ce huɗu, ga su nan hutu ya sa sun addabi uwarsu. Sai na ce masa ya dakata da maganar tanki na wata uku, ya sayi ƙaramin akwatin gilashi irin wanda ake zuba kifin ado, ya sa yaran nan a gaba su yi kiwon tare. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. To ba wasa nake ba, ga dalilina.

Mai kiwon kaji yana ganin kashin kajinsa. Idan buntu ya jiƙe zai gani, warin zai shiga hancinsa, ya kwashe ya zuba sabo. Shi kuwa kifi a cikin ruwan da yake sha yake kashi, a cikinsa yake numfashi, a cikinsa yake kwana. A tankin siminti ko na tamfol ba ka ganin komai sai saman ruwa, kafin ka ankara kifi sun fara juya ciki sama. Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan sana'a suke cewa mai kiwon kifi ruwa yake kiwo. A akwatin gilashi kuwa komai a fili yake. Za ka ga abincin da ya nutse yana ruɓewa, za ka ga kifi ya hau sama yana haƙi, za ka ga ranar da ruwa ya fara yin fari-fari. Kai ka koyi sana'a da asarar kifi biyar maimakon dubu. Yaro kuma ya koyi abin da manya da yawa ba su sani ba: duk abin da ka zuba a ruwa yana nan, bai tafi ko'ina ba. Wannan sanin shi ne tushen kula da kogi da tafki da teku baki ɗaya.

KUSKURENA NA FARKO

Bari in fara da abin kunyata, don kada wani ya maimaita. Ranar da na sayo namu akwatin, a ranar na cika shi da ruwan famfo, a ranar na juye kifi goma sha biyu a ciki. Mai sayarwar bai ce min komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na ajiye gwangwanin abinci a gefe. Ashe kowane yaro idan ya zo wucewa sai ya ɗan barbaɗa musu, wai yana jin tausayinsu. Kwana uku ruwa ya koma kamar an zuba madara. Kwana biyar, saura kifi biyu. Autana ta yi ta kuka, tana cewa, "Baba, ai mun ba su abinci da yawa, me ya kashe su?" Ba ta san amsar tana cikin tambayarta ba. Ni kaina a lokacin ban gama sani ba.

Ga abin da ya faru, kuma don Allah masu shirin fara kiwo ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ke kashe kifi a manyan tankuna ma. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawa ta matattarar numfashinsa da ke gefen kai. Kashinsa da ragowar abinci idan suka ruɓe su ma amoniya suke bayarwa. Shi ne dai wannan warin mai yaji da ke sa ido hawaye a ɗakin kaji da aka daɗe ba a share ba. A cikin ruwa, ɗan kaɗan ɗinsa yana ƙona wurin numfashin kifi. Abin da ke ceton kifi shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya masu amfani, waɗanda ke zama a jikin tsakuwa da soson tace ruwa. Kashi ɗaya daga cikinsu yana mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne. Wani kashin kuma ya mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda ba shi da kaifi sosai, kuma tsire-tsire suna shan sa a matsayin taki. Sabon akwati ba shi da waɗannan halittu. Kafin su yawaita sai an yi kamar mako huɗu zuwa shida. Ni kuma na zuba kifi goma sha biyu a gidan da babu mai shara ko ɗaya, ga kulorin na ruwan famfo a kai.

YADDA ZA KU HAƊA NAKU

Kada ku sayi ɗan kwano mai zagaye ɗin nan da ake nunawa a fina-finai. Ƙaramin ruwa shi ya fi saurin lalacewa, ya fi saurin zafi, ya fi saurin sanyi. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 ya isa farawa. Ku ba yaron da ke firamare ya yi lissafin da kansa: 60 sau 30 sau 30, a raba da 1,000, ya ba da lita 54. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan akwatin idan ya cika ya fi buhun siminti nauyi tun kafin a sa tsakuwa. Saboda haka ba a kan ɗan teburin roba ake ɗora shi ba. A samu wuri mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, inda rana ba ta bugawa kai tsaye, don rana tana dafa ruwan kuma tana mayar da shi kore shar da gansakuka. A yi masa murfi, kifi yana tsalle, kyanwa kuma ba ta da amana. Masu yankan gilashi a garuruwanmu suna haɗa irin wannan akwati, sai dai ka tabbatar gam ɗin silikon da suka sa ya bushe sosai, ka cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu ka ga ko yana yoyo. Wanda bai da halin gilashi, babbar roba mai haske da ake ganin ciki ita ma ta wadatar.

Tsakuwa aikin yara ce. Su tsinto ƙanana masu santsi, su wanke har ruwan ya fita fes. Ban da sabulu, ban da omo, ko kaɗan. Bokitin da aka ware wa kifi kada a yi wanki a ciki.

Ruwan rijiya ko na burtsatse mai kyau, wanda ku kanku kuke sha, ya yi. Idan na famfo ne, a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya yi kwana ɗaya ko biyu kulorin ya fice. Sai ɗan famfon iska da soson tacewa. Na san za ku ce ina wutar take. Akwai ƙananan famfunan iska da ke aiki da batir ko abin cajin waya na tafi-da-gidanka, amma maganin gaskiya shi ne rage yawan kifi. Idan kifin kaɗan ne, ɗauke wuta na wasu awanni ba ya yi musu komai. A fara da uku ko huɗu, a jira wata guda, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Idan kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, roƙi cikin hannu na tsakuwarsa a jiƙe ka zuba a naka, kamar yadda mai nono ke ɗiga tsohon nono a sabuwar madara ta kwana ta yi tsami. Ranar da aka kawo kifin, a ɗora ledar da suke ciki a kan ruwan akwatin kamar minti ashirin zafin ya daidaita kafin a sake su. Haka za ka yi wa fingalin ɗinka nan gaba, gara hannu ya saba tun yanzu.

Wane kifi? Ni dai gofi nake ba da shawara, waɗannan 'yan ƙanana masu jela kala-kala. Suna da juriya, suna son ruwa mai ɗumi irin namu, suna cin tsutsar sauro, kuma ba ƙwai suke sakawa ba, haihuwa suke yi, kusan duk wata. Ranar da yaro ya tashi da safe ya ga 'ya'yan kifi kamar ƙwayar shinkafa suna ɓuya a bayan dutse, ka gama samun sa. Sai dai iyayen suna cinye 'ya'yan idan babu maɓoya, don haka a sa ciyawar ruwa. Jan kifin nan na zinariya da kowa ya fi sani yana da kyau a ido, amma yana girma, yana ɓata ruwa da yawa, kuma ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, watan Afrilu a ɗakin kwano wahala yake sha. 'Ya'yan karfasa biyu ko uku za su zauna na ɗan lokaci, amma za su fi ƙarfin akwatin, sai ka tanadi inda za ka mayar da su. Tarwaɗa kuwa kada ka haɗa ta da kowa. Duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har ƙanwarta.

Lokacin hunturu za ku ga kifin sun lafa, sun rage ci. Ba ciwo ba ne, jikin kifi zafin ruwa yake bi. A rage abinci, a matsar da akwatin daga bakin taga, a rufe shi da bargo da dare.

KOWA DA AIKINSA

Abin da ya gyara mana lamari shi ne raba aiki, da ɓoye gwangwanin abinci. Uwargida ce ke auna abincin yini a murfin kwalba, ta ba wanda ranar tasa ce. Abin da kifi zai cinye cikin minti biyu zuwa uku, sau ɗaya ko biyu a rana, shi ke nan. Yunwar kwana ɗaya ba ta kashe kifi, ƙoshi ne ke kashe shi.

Ɗan shekara huɗu ko biyar, aikinsa ƙirga kifi kowace safiya ya zo ya faɗa. Kada ku raina wannan aiki, mataccen kifi ɗaya da ya maƙale a bayan dutse ya isa ya ɓata ruwan duka. Na tsakiya su ne masu ba da abinci da goge gilashi ta ciki da soso mai tsabta. Babba shi ne mai littafi. A saya masa littafin rubutu guda, kullum ya rubuta kwanan wata, kifi nawa, sun ci ko ba su ci ba, yaya kalar ruwa, yaushe aka canza. Na sha faɗa a nan cewa rashin rubutu ya karya masu kiwo fiye da cuta. Yaron da ya saba da littafi a kan kifi biyar, ba za ka roƙe shi ya rubuta na kaji ɗari biyar ba.

Sau ɗaya a mako, mu Asabar muke yi, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo wanda ya kwana. Da siririn tiyo ake zuƙo shi daga ƙasa inda datti ya kwanta. Babba ne zai fara jan ruwan, ba yaro da baki ba. Kada a taɓa juye ruwan duka a wanke tsakuwa ƙal, yin haka korar masu sharar nan ne da aka sha wahalar tarawa. Soson tacewa ma a cikin tsohon ruwan da aka cire ake matse shi. Shi kuma tsohon ruwan kada a zubar a kwata, a kai wa alayyahu ko tumatir da ke bayan ɗaki. Ku bar yaran su shuka tukunya biyu, ɗaya ana ba ta ruwan kifi, ɗaya ruwan randa, su rubuta abin da suka gani.

Abu uku ba na wasa da su. A cire filogi kafin kowa ya sa hannu a ruwa. A wanke hannu da sabulu bayan an gama, kafin a taɓa abinci. Sannan bokitin ruwan da ake kwantarwa a ajiye shi inda mai rarrafe ba ya kaiwa, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri idan ya faɗa da ka. Allah ya kiyaye.

Kuma kifi zai mutu wata rana, ko da kun yi komai daidai. Kada ka yi sauri ka sayo wani ka saka da dare don kada yaro ya gane. Ku zauna da littafin ku bincika: me aka canza a makon nan? Wa ya ƙara abinci? An fesa maganin sauro a ɗakin? Wannan na ƙarshen yana kashe kifi sosai, mutane ba sa lura. A nan ne nake tuna wa nawa hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ka killace, haƙƙinta ya hau kanka.

TO INA RUWANMU DA TEKU?

Na san wani zai ce, Malam, mu da muke Katsina ko Maraɗi, yaronmu bai taɓa ganin teku ba, wataƙila ma ba zai gani ba. Gaskiya ne. Amma tambayar da kanta take zuwa. Ranar da muke canza ruwa, ɗana na tsakiya ya ce, "Baba, su kifin kogi wa yake canza musu?" Na ce ɗauko taswirar makarantarku.

Muka bi da yatsa. Ruwan da ya faɗa kwata a Kaduna, kogin Kaduna zai shiga, ya gangara ya haɗu da kogin Neja. Na Sakkwato da Birnin Kebbi, gulbin Sakkwato ne zai kai shi Neja. Na Gombe ta Gongola yake bi ya faɗa Binuwai a Numan. Neja da Binuwai su haɗu a Lakwaja, su gangara kudu su zube a tekun Atilantika. Na Yamai ma hanyar ke nan. Ruwan Kano da Haɗeja shi ne ya bambanta, shi gabas yake yi, ta fadamun Haɗeja da Nguru zuwa kogin Yobe, ya ƙare a tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku. Wato tafkin Chadi babban akwati ne da babu mai cire masa kashi ɗaya cikin huɗu ranar Asabar. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da 1980 da ɗibar ruwa su janye mafi yawansa. Duk wanda ya san yadda bandar Baga ke cika kasuwanni a da ya san abin da ake magana.

Don yaro ya gani da idonsa, ga gwaji mara tsada. Kwalba uku da ruwa, ɗaya a sa ganye, ɗaya guntun takarda, ɗaya guntuwar ledar fiya wata. A rufe a ajiye wata guda. Ganye zai ruɓe, takarda za ta dagargaje, leda kuwa tana nan kamar jiya aka sa ta. A teku, kunkurun ruwa yana ganin leda tana yawo ya ɗauka wata halitta ce mai yauƙi da yake ci, ya haɗiye, ta toshe masa ciki. Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu, duk mahauci ya san abin da ake tararwa a tumbin akuyar gari.

Gwaji na biyu: lita ɗaya ta ruwa, a narkar da gishiri giram 35, kimanin cokalin cin abinci biyu. Haka gishirin ruwan teku yake. Kowa ya ɗan taɓa a harshe. Sai a tsoma ganyen latas a ciki, wani kuma a ruwan randa, a dawo bayan wasu awanni. Na gishirin zai yi laƙwas, don gishiri ya zuƙe masa ruwan jiki. Shi ya sa tarwaɗarmu ba za ta rayu a teku ba, shi kuma taitus ɗin da ke cikin miyar Mama ba zai rayu a kogi ba.

Tunda na ambaci taitus, ku gaya wa yara daga ina yake. Kifin ƙanƙarar nan daga teku ake kamo shi, mai yawa daga can arewacin Atilantika, a jirgin ruwa yake zuwa. Mu masu kiwo kuma tekun yana cikin aljihunmu ko ba mu sani ba. Abincin kifi mai kyau, musamman na ƙanana, akwai garin kifi a ciki, wasu masu haɗa abincin kaji ma suna sa shi. Ƙasar Peru ce kan gaba a duniya wajen yin wannan gari, daga wani ɗan ƙaramin kifin teku. A shekarar 2023, da ruwan tekunsu ya ɗumama, aka soke kakar kamun farko ta shekarar, farashin garin kifi ya tashi a kasuwar duniya. A nan kusa da mu, Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antu suna niƙe ƙananan kifin da talakawa ke ci don a yi abincin dabbobi, masunta na kuka. Idan teku ya yi rashin lafiya, a bakin mai sayar da buhu za ka ji labari.

DOKA ƊAYA: BA A SAKI

Wannan ita ce dokar da nake so kowane yaro mai akwatin kifi ya haddace. Idan an gaji da kifi, ko ya yi girma, ko ya hayayyafa ya yi yawa, ba a kai shi kogi ko dam ko kududdufi a ce an 'yanta shi. Yaro gani yake tausayi ne, don haka sai an ba shi dalili.

Akwai wani kifin ado mai ƙayoyi masu dafi, Turawa na kiran sa kifin zaki. Asalinsa tekun Indiya da Fasifik ne. A 1985 aka fara ganin sa a gaɓar Fulorida ta Amurka, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu akwatin kifi ne suka saki nasu. A can babu mai cin sa, shi kuwa yana cinye 'ya'yan kifin wurin. Yau ya mamaye tekun Karibiyan, har gasar kamun sa ake shiryawa don a rage shi.

Namu ma sun yi ɓarna a gidan wasu. Giwan ruwa, wanda a kogin Neja da tafkin Chadi ɗan gida ne, an kai shi tafkin Biktoriya a gabashin Afirka a shekarun 1950. Ya kawo kuɗi, ba a musu, amma ana ƙiyasin ya taimaka wajen ɓacewar nau'in ƙananan kifi wajen 200 da babu su a ko'ina sai can. Tarwaɗar da muke kiwo ɗin nan, ƙasar Indiya ta haramta kiwon ta saboda yadda take cinye kifin ƙasar idan ta kuɓuce. Ciyawa ma haka. Ciyawar nan mai fure shuɗi-shuɗi da ke toshe hanyar kwalekwale a Legas da kogin Neja, daga Kudancin Amurka take, kuma don kyan furenta aka yi ta yawo da ita a duniya. Saboda haka ciyawar da aka cire daga akwati a shanya ta ta bushe a rana. Kifin da ya yi yawa a ba maƙwabci, ko makarantar su yaran, ko a mayar wa mai sayarwa.

Wani zai ga hotunan akwatin ruwan gishiri a intanet, da kifi masu launi kamar an yi musu fenti, ya ce shi irin wannan yake so. Shawarata, a bar shi a hoto. Gishirin girki ba ya zama ruwan teku, sai an sayi nasa na musamman, ga wuta da ba ta yankewa, ga kayan awo. Bayan tsada kuma, yawancin kifin ado na ruwan daɗi a gona ake ƙyanƙyasar su, amma mafi yawan na teku daga teku ake kamo su. A wasu sassan Filifin da Indunisiya har guba ake fesawa a cikin duwatsun murjani don kifin ya suma a kama shi, gubar ta kashe murjanin. Eh, murjani dai dangin wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya. Ku tambayi yaranku ko dutse ne ko itace, sannan ku gaya musu ƙananan dabbobi ne ke gina shi a hankali cikin shekaru masu yawa. Wuraren murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in halittun teku suna dogara da su.

Kada kuma yaro ya ɗauka kula da ruwa al'adar Bature ce. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki, kuma akwai Sarkin Ruwa mai kula da wurin. Kifin da ake fitowa da shi mutum biyu na ɗauka da ƙyar, hutun da aka ba ruwan ne ya girmar da shi. Sarkawa sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Abin da ke kashe kogunanmu yanzu shi ne masu zuba maganin ƙwari a ruwa don kifi ya taso, da masu su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya. Idan kuna kusa da dam ko kogi, ku kai yaran wurin masunta da sassafe, da izinin masu wurin. Su ga girman idon koma, su tambayi sunayen kifi: kurungu, minjirya mai jan wuta, gaiwa da ke kwanciya cikin busasshen laka har damina ta dawo. A tafi da buhu, a tsince ledar da ke bakin ruwa kafin a taho.

Shi wancan bawan Allah da na fara da labarinsa, sharaɗin da na ba shi ke nan, kuma shi nake ba duk mai shirin gina tanki: bayan wata uku ka zo min da littafin yaranka. Idan kifin na nan da rai, kuma babban ɗanka zai iya bayyana min dalilin da ya sa ba a wanke tsakuwa da ruwan famfo, to mu zauna mu yi lissafin tarwaɗa ɗari ta gwaji. Idan sun mutu, mu duba shafin da abin ya fara lalacewa, a sake zubi.

A darasi na gaba in sha Allahu za mu ɗauki wannan lissafin na tarwaɗa ɗari: girman tanki, yawan ruwa, da yadda ake ware manya daga ƙanana kafin su fara cin juna.